Buhunan da Suka Rame

A bakin sikeli ya fara ganinta. Yana shirin ɗora buhu ta shigo sito riƙe da kular abincin mahaifinta, ta tsaya tana kallon allurar sikelin, ba shi ba. Ta ce allurar ba ta kan sifili. Ya duba, ya ga gaskiyarta ce. Ya murɗa ya daidaita, ya ci gaba da aikinsa.

"Kai ba ka godiya ne?"

"Na gode."

Ta yi dariya, ta ce ashe shi ne mai kula da siton da ma'aikata ke kira Shiru. Shi ya riga ya san ta. Autar Baba ce, mai masana'antar sabulun da yake wa aiki, tana koyar da kemistiri a sakandare, kowa Malama yake ce mata.

Daga ranar ita ke kawo wa Baba abinci, abin da ba ta saba ba. Takan zauna a kan wani tsohon duro ta ba Shiru labarin ajinta. Shi daga sakandare ya tsaya, kemistirin ma da ƙyar ya tsallake. Wata rana ta gaya masa abin da take fara koya wa yara: abu ba ya ɓacewa, sai dai ya sauya kama ko ya sauya wuri. Ya tambaye ta itacen da ya ƙone fa, da ba ya barin komai sai toka? Ta ce da za a ƙona shi a cikin abu rufe, hayaƙi da iska ba su fita ba, nauyin farko shi za a samu a ƙarshe.

Bai yi musu ba. Ya dai riƙe maganar.

"Shiruna, ka ci abinci? Ka amsa da fiye da kalma ɗaya," ta rubuto masa wata azahar.

"Na ci, Malamata."

"Uku ke nan. Ka ci jarrabawa."

Bayan wata takwas ya tura kawunsa wurin Baba neman aurenta. Baba mutum ne da ba ya yarda da kowa. Yakan kulle ƙofa, ya yi taku biyar, ya dawo ya jijjiga kwaɗon. Ya ce wa kawun zai yi bincike.

Akwai kuma ɗan ƙanwar Baba, wanda ake kira Manaja, mai sayo kayan aiki. Ya daɗe da sa ido a kan Malama, shi ma yana son ta. Shi ne a shekarar ya sayo wata irin soda mai kama da ƙanƙara, maimakon garin da suka saba haɗa sabulu da shi. Buhu arba'in, kowanne kilo hamsin. Shiru da hannunsa ya auna su, ya jera a sito ƙarƙashin rufin kwano.

Aka shiga zafi. Bayan wata biyu aka ɗora buhu ɗaya a sikeli, ya nuna arba'in da uku. Na biyu arba'in da huɗu. Manaja bai jira na uku ba, ya je ya kira Baba.

Baba ya sa aka auna goma a gabansa. Ya tambayi makullin sito nawa ne, aka ce ɗaya. Ya miƙa hannu, Shiru ya ciro shi daga aljihu ya ba shi. Baba ya ce ba zai kira 'yan sanda ba, don kada sunan 'yarsa ya shiga bakin mutane, amma ya bar masa aiki yau, kuma kada kawunsa ya sake tako ƙofarsa.

Malama ta rasa inda za ta sa kanta. Abin da take koyarwa kullum shi ne ya tsaya a kan wanda take so. Manaja kuwa ya mai da gidansu wurin hira, yana gaya wa Mama cewa ya ga yaron da sabon takalmi, wai mai shiru-shiru shi ake tsoro.

Ta rubuta masa:

"Shiru, abu ba ya ɓacewa, ni na gaya maka. Kilo bakwai a buhu. Ina suka tafi? Ka faɗa min gaskiya, zan iya ɗauka."

Ya karanta, ya kifa wayar. Kwana uku bai amsa ba. A na huɗu saƙonsa ya same ta a ɗakin malamai:

"Ban ɗauka ba. Ɗinkin buhunan na kamfani ne, ba wanda ya kwance. Na karɓi sodar kamar ƙanƙara, yanzu ta koma farin gari. Na jikin bangon da rana ke duka sun fi ramewa. Ke ce malama. Ki gwada."

Ta karanta sau biyu. Ta jawo littafin da take koyarwa da shi, ta buɗe, sai kunya ta kama ta. Irin wannan sodar da ruwa a ƙulle a jikinta take zuwa, in ta sha busasshen zafi sai ta sake shi a iska. Ta sani tun tana ɗaliba. Zargi ne ya rufe mata ido.

Baba ya saurare ta yana kallon gefe. Ya ce ruwa a cikin busasshen abu, wannan ba ilimi ba ne, so ne ke magana.

"Baba, kada ka yarda da ni. Mu gwada. In bai fito yadda na ce ba, ni da bakina zan ce na fasa aurensa."

Ya dube ta ya daɗe. Sannan ya gindaya sharuɗɗa: sikelinsa, hannunsa, ɗakinsa, makulli a wuyansa.

Suka zaƙulo buhu daga can ƙasan jeri, wanda cikinsa ke nan kamar ƙanƙara. Baba ya auna kilo ɗaya ya baza a faranti. Ya auna wani kilon ya zuba a babbar kwalba, ya ɗaure murfin, ya ɗiga masa kyandir zagaye, ya danna babban yatsansa a kai. Ya auna kwalbar da abin cikinta, ya rubuta a bango. Ya ajiye su biyun a bakin taga, ya kulle ɗakin.

Ta rubuta wa Shiru alkawarin da ta ɗaukar wa Baba. Ya amsa: "To."

Kwana goma Mama na mitar an hana ta share ɗaki. Baba ya ɗana tarkon ɓera, ya toshe ƙasan ƙofa da tsumma, har wanka da makullin yake shiga. Malama kuwa abinci ya daina shiga. In ta wuce ƙofar sai ta rage sauri, kamar za ta ji wani motsi daga ciki.

Ranar goma Baba ya aika aka kira Shiru da Manaja. Ya buɗe ɗakin. Abin farantin ya zama farin gari. Ya ɗora a sikeli. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu ya tafi.

Manaja ya ce lallai wani ya shigo ya ɗiba.

"Makullin bai bar wuyana ba. Ni kake zargi?"

Manaja ya sunkuyar da kai.

Baba ya ɗauko kwalbar. Shaidar yatsansa na nan. Cikinta ya yi raɓa, ɗigo-ɗigo suna gangarowa. Ya ɗora, ya dubi bango, ya dubi allura. Daidai. Ya sauke ya sake ɗorawa har sau uku. Malama ta nuna masa ɗigon da yatsa, ta ce ga abin da ya bar farantin, ga kuma abin da ya bar buhunan. A nan ne kawai bai sami hanyar fita ba.

Baba ya juya ga Manaja ya ce ashe buhu arba'in na ruwa ya sayo masa. Sannan ya zaro makullin sito daga aljihu, ya miƙa wa Shiru da hannu biyu.

"Na zalunce ka, ɗana. Ka yafe min. Ka ce wa kawunka ina jiransa."

A bakin ƙofa Malama ta tare Shiru. Ta kasa haɗa ido da shi.

"Ka yafe min?"

"Kin zarge ni."

"Na zarge ka. Amma na gwada."

Ya juya makullin a hannunsa. Can ya ce, "Kwana uku ban ci abinci ba saboda saƙonki, Malamata. Kada ki ƙara."

Ta share ido da bakin mayafi, tana dariya, ta ce wannan ce jimla mafi tsawo da ta taɓa ji daga bakinsa.

Bayan wata uku aka ɗaura aure. Ranar da ake haɗa kayan amarya, Mama ta ɗauko kwalbar za ta jefar, Malama ta karɓe ta ce da ita za ta tafi. Baba ya ce a tsaya. Ya sa aka kawo sikeli, ya ɗora ta a gaban 'yan uwa, ya leƙa allurar. Tana inda take.

Ya miƙa wa angon, ya dafa kan autarsa.

"Allah Ya yi muku albarka. Allah Ya raba ku da zargi."

Shiru ya ce amin. Ya sake cewa amin. Ta ƙarƙashin mayafi amarya ta ɗaga masa yatsu biyu: kalma biyu ke nan.