Hannun Chindo a Bayan Kujera

"Karɓi zobenka, Chindo!"

Tala ta cilla shi ta tagar motar.

Chindo ya taka birki a tsakiyar filin kasuwar Gazawa, ya fito a ruɗe.

"Tala, hasken idona, mi ya faru?"

"Kar ka sake ce mani hasken ido! Kwana ukku ina laɓe bayan rumfar masu gyaɗa. Da idona na ga ka miƙa hannu bayan wuyan Kadi, ka juyo da fuskarka wajenta... har sau tara yau kaɗai!"

Kadi, ɗiyar Na'Allah mai motar, tana hakimce a kujerar gaba tana gyara ɗankwali. Ita ta nace sai an riƙa koya wa Chindo tuƙi da ita a ciki, kuma ko kaɗan ba ta yi niyyar wanke kowa ba.

"To, in ya kalle ni laifi ne?" ta faɗa tana murmushi.

Kishi ya turnuƙe Tala. Shekara biyu da samun 'yancin kai, motocin da ke garin ba su kai yatsun hannu ba, ita kuwa ko sau ɗaya ba ta taɓa shiga mota ba. Babanta ya rantse ba zai ba yaron mota 'yarsa ba, sai in Chindo ya ciwo permi, wato takardar izinin tuƙi, a Maraɗi. Ita ta yi ta kuka har aka yi masa jinkirin wata guda. Ashe ga abin da yake koya!

Tsoho Na'Allah, da ke tsaye tsakanin gangunan man da ya jera a matsayin motoci, ya tuntsire da dariya.

"Kadi, fito. Ke kuma 'yar nan, shiga ki zauna."

Kadi ta fito tana tura baki. Tala ta shiga a ɗarare, ta ƙanƙame ƙofa.

"Chindo, saka motar tsakanin gangunan nan da baya-baya," in ji Na'Allah. "Haka za su sa ka yi a Maraɗi."

Chindo ya miƙa hannu bayan kujerarta, ya juyo...

Ta ɗago kai tana jiran su haɗa ido.

Amma idonsa ya wuce ta kafaɗarta, ya kafe kan gangar baya. Ko gashin girarta bai kalla ba. Motar ta sulala ta shige tsaf.

Kunya ta rufe ta. Sai kuma wani sabon haushi ya taso.

"Wato ni ma ba ka kalle ni ba?"

"Tala, in na kalle ki na faɗi jarrabawa..."

"Sake yi!"

Ya fitar da motar, ya sake miƙa hannu, ya juyo. Wannan karon ya kalle ta, ya manta da duniya.

Garam! Ganga ta gangara cikin rumfar masu gyaɗa.

Na'Allah ya ɗora hannu a ka yana salati.

Tala ta sunkuya, ta lalubo zoben a ƙasan kujera, ta mayar a yatsa.

"Sau tara ka yi da Kadi ba ka bugi komi ba," ta faɗa a hankali. "Na yarda da kai."