Langar Alhaji Bamalli

Ummukulthum tana tankaɗe a tsakar gidan aurenta da ke unguwar Wambai a Suleja sai ga mahaifinta, Alhaji Bamalli, ya faɗo, sallamar ma rabinta ya yi.

"Ɗauko mayafinki, mu tafi gida!"

"Baba, me ya yi zafi?"

"Me ya yi sanyi? Na ba ki miji, ashe ɗan wasa na ba ki!"

Abdulbasit, mijin nata, ba ɗan wasa ba ne, mai ƙera wasa ne. Shekara biyu ke nan kamfaninsa na gem yake gina wasan langa na waya. Attajirin Abuja da ya yi alkawarin zuba jari ya daina ɗaga waya, ma'aikata sun watse, janareta ya yi shiru har kaza ta fara ƙwai a ƙarƙashinsa.

Ummukulthum ta fashe da kuka. "Wallahi Baba ko garin kwaki ne zan sha da shi. Ka duba aikin ko sau ɗaya!"

Abdulbasit ya fito ya durƙusa, ya miƙa wayarsa da hannu biyu. "Alhaji, demo ne kawai, somin-taɓi kafin a kammala."

Alhaji ya karɓa da yatsu biyu kamar an ba shi mushen ɓera. Ya duba. Ya gyara tabarau.

"Kai! Wannan ya saki ƙafarsa kuma bai fita ba? A garin wa ake langa haka?"

"Daga bidiyo muka kwaikwaya, Alhaji."

"Bidiyo! Mu da muka yi ta a filin Iku, tun gidajen haya ba su cinye gonaki ba, bayan an girbe dawa, ƙasa na ƙamshi... Nuraddeen, Ishaku ɗan mishan, duk sun riga mu gidan gaskiya. Ni kaɗai na rage."

Sai ya cire babbar riga, ya kama ƙafarsa ta baya, ya yi tsalle ɗaya. Masu ba da labari sun ce ya kai bakin zaure. Ni dai na ji ya faɗa kan turmi.

Daga ƙasan ya nuna surukinsa da yatsa. "Ba za a kai wa duniya langar ƙarya da sunan Suleja ba! Ɗakunan hayata biyu na Iku, ka kwashe kwamfutocinka ka kai can. Man janareta ni zan saya. Amma kullum zan zo in duba."

"Ummukulthum fa, Alhaji?"

"Wa zai dafa mana shayi in ta tafi?"

Yau ma'aikatan sun dawo, kuma tsohon ya fi kowa sammako.

To 'yan mata, ku ji: haƙuri da miji a ranar babu ba ya faɗuwa ƙasa banza. Ku kuma iyaye, kafin ku raba aure, ku fara duba aikin yaro.