Da Hagu Ya Karɓi Zamzam

"Da hagu?"

Muryar Baaba ce ta tsaga falon, kowa ya yi tsit. Ina bakin ƙofar kicin riƙe da tiren dabino, saura ƙiris ya suɓuce min.

"Ni zan miƙo maka ruwan Zamzam, ka karɓa da hagu?"

Kudus na durƙushe a gabansa, ɗan kofin a hannunsa na hagu. Hannun daman kuwa yana kwance kan cinyarsa kamar ba nasa ba.

Baaba bai daɗe da dawowa daga Makka ba, falonmu na unguwar Mount Hope da ke Bronx, nan Amirka, cike da 'yan zangonmu na gida masu sannu da zuwa. Ranar ce kuma Kawu Kassim, kawun Kudus, ya kawo shi gaisuwar neman aurena. Dama Baaba ba son abin yake ba. Kullum sai ya ce, "Ƙato da gemu, wai sana'arsa jifan ƙwallo!" Da ƙyar Mma ta lallaɓa shi ya yarda a zo.

Kudus mai jifa ne a wasan besbol, shekararsa ta biyu a ƙaramar ƙungiya, irin waɗanda manyan ƙungiyoyi ke renon samari a ciki. In ka yi kyau a ɗaga ka mataki na gaba, in ka gaza a sallame ka, don masu jiran gurbinka sun fi gashin kai yawa. Kakar wasa ta kusa ƙarewa, koci ya yi masa alƙawarin ɗagawa.

Ni kaɗai na san gwiwar hannunsa ta lalace. A cikin jirgin ƙasa ya faɗa min, yana leƙen babban filin wasan Bronx ta taga.

"In na yi jifa, washegari yatsuna biyu mutuwa suke yi, ko cokali ba na iya riƙewa. Nimatu tawa, kar kowa ya ji. In gama kakar nan kawai, sai in huta ya warke."

"Ka je asibiti mana, masoyina..."

"Likitansu ya taɓa ni, shi ke nan an ajiye ni. Kar kowa ya ji!"

To jiya ya yi jifa, yau ga Zamzam.

"Ka ba Alhaji haƙuri, ka juya hannu!" in ji Kawu Kassim, yana zungurinsa.

Kudus ya sunkuyar da kai, bai juya ba. Ya san in ya juya, kofin ƙasa zai yi.

Baaba ya yi murmushin da na fi tsoro. "Kassim, ɗauki ɗanka. Amirka ta cinye shi. Wanda bai san damansa da hagunsa ba, ba zan ba shi Nimatu ba."

Wayyo Allah! Ina ji ina gani za a rufe maganar aurena a kan kofi ɗaya? Ban san sanda na dire tiren ba.

"Baaba, wallahi ba raini ba ne! Hannun ne ba lafiya, gwiwar ta lalace, ko cokali ba ya iya riƙewa!"

Falon ya ɗauki salati. Fuskar Baaba ta sauko, har ya dafa kan Kudus yana masa addu'a. Na ji sanyi a raina, na ce na ceci aurena.

Sai na dubi Kudus.

Kallon da ya yi min, ko maƙiyina ba na masa fatan irinsa.

A bayana kuwa Tahiratu ce tsaye, ɗiyar ƙanwar Mma, wadda tun muna makaranta take mutuwar son Kudus shi ko kallo ba ta ishe shi ba. Ta dafa ƙirji.

"Ayya, bawan Allah! Ai wannan sai an haɗu da addu'a."

Kafin magariba ta sa hotonsa a Fesbuk sanye da rigar ƙungiya, ta rubuta da Turanci cewa a taya ɗan'uwanmu addu'a, hannunsa na jifa ya lalace. Ta kuma liƙa sunansa da na ƙungiyar, yadda ko makaho zai gani. Munafuka! Addu'ar da ake yi da Turanci, wa ake so ya amsa?

Washegari likitan ƙungiya ya kira shi. Aka ɗauki hoton hannun, aka ce jijiya ta yage, sai tiyata. Gurbin da aka yi masa alƙawari wani yaro aka ba.

Na je asibiti da kunun gyaɗa a fulas. Tahiratu na samu zaune bakin gado tana gyara masa filo.

"Kudus... sannu, rabin raina."

"Wa ya ce ki zo?"

"Don in cece mu na faɗa. Ka ji fa abin da Baaba ya ce..."

"Ki cece mu? Aurenki kika ceta, Nimatu. Ni kin yanka ni a gaban mutane, don dai a ɗaura miki aure ki sa leshi."

"Ba ni na sa a Fesbuk ba! Ga ta nan zaune!"

Tahiratu ta fashe da kukan da babu hawaye. "Ni addu'a kawai na roƙa, Yaaya. Tunda na ji ta faɗa a bainar jama'a, na ɗauka ba sirri ba ne."

"Kin ji?" Ya juya fuska bango. "Ita ba ta san sirri ba ne. Ke kin sani."

Na ajiye fulas ɗin na fita. A cikin bas na yi kukan da har wata tsohuwa 'yar Dominika ta miƙo min tishu.

Abin haushi, yanzu Baaba ne ke tambaya. "Ina yaron nan mai haƙuri? Su turo mana a sa rana." Ni kuwa na kira har na gaji, na tura saƙo ya fi a ƙirga, shiru. Fiye da shekara yana gashin hannu da motsa jiki, Tahiratu na kai masa wake da shinkafa har unguwarsu Highbridge. Da ya koma gwaji, jifan ya ƙi yin ƙarfin da. Wata safiya aka kira shi ofis, aka ce ya kwashe kayansa.

Ya dawo Bronx ya kama tuƙin tasi.

Na ce to, yanzu ƙwallon ta ƙare, ƙila zuciyarsa ta huce. Na ƙi kowa, na jira. Kar ku ce min wawuya, na riga na faɗa wa kaina.

Ranar wata Asabar ina dawowa daga aiki na gan shi a ƙofar gininmu, yana sauke wa Mman Tahiratu buhun shinkafa daga but ɗin tasinsa. Da hannun dama ya cicciɓe shi, ko yamutsa fuska bai yi ba.

"Kudus! Hannun ya warke?"

"Ya warke sarai. Yana komai, ban da abin da aka halicce shi don shi."

"Alhamdulillahi... To mu fa? Har yanzu Baaba yana jira. Ni ma ina jira, masoyina."

"Ki gaishe da Alhaji. Watan gobe za a ɗaura min aure da Tahiratu, na san za ki taya su girki."

Na sha gabansa.

"Ita ce fa ta kashe maka wasa! Wallahi da gangan ta yi!"

"Na sani."

"Ka sani?"

"Tuntuni. Amma ita ban taɓa ba ta amanata ba, balle ta ci." Ya buɗe ƙofar gaba ya ɗauko wani abu. "Tsaya, ga kayanki."

Fulas ɗina ne na asibiti, an wanke shi tas.

Na miƙa hannu biyu, yadda Mma ta koya min. Kudus ya dube ni ido cikin ido, ya zura lafiyayyen hannun damansa cikin aljihu.

Da hagu ya miƙo min.