Barcin da Zulkiflu Ya Sayar

Ku matso ku ji abin da Zulkiflu ya yi wa kansa da gidansa. Ban ga amfanin rufe zancen ba, tunda mai abin ma ya daina rufewa.

Direban jirgin ruwa ne a Yelwa, irin dogon jirgin katakon nan mai inji a baya, wanda ke kwasar mutane da albasa da bandar kifi zuwa kasuwannin bakin tafki. Shekara goma sha ɗaya yana tuƙa jirgin wani. Yana da uwa tsohuwa, da matarsa Mariya, da 'yarsu guda, Hamdiyya. Ba a kwana da yunwa a gidan. Ga shi Allah ya hore masa barci, har abokan aiki na tsokanarsa cewa ko a kan buhun albasa aka jingina shi sai an yayyafa masa ruwa. Abu ɗaya ke cin ransa: ya dawo rana ta gasa shi, ya tarar da mai jirgin zaune a inuwa ana yi masa fifita.

Wannan ƙyashin ne ya kai shi wurin Tamada, wani boka da ke zaune shi kaɗai a wani tsibiri can cikin tafkin. Wanda ya yi masa hanya ya ce ya tafi da sassafe, kuma kada ruwa ya taɓa fuskarsa. Zulkiflu ya san ma'anar haka, wato babu alwala, babu asuba. Ya ji ladan yana kira, ya sunkuyar da kai ya tura kwalekwale.

Bukkar Tamada ta zana ce, an lulluɓe ta da tsohuwar komar kamun kifi. A ciki an jera kawunan manyan kifaye busassu, bakunansu a buɗe, ga ƙahoni da jini ya bushe a kansu, ga wata baƙar tukunya da wani abu ke motsi a cikinta. Warin wurin kaɗai ya isa ya mai da mai hankali gida. Tamada ɗan siririn tsoho ne, bai ko ɗaga kai ba.

“Mi kaka so?” in ji shi.

“Jirage nika so, nawa na kaina,” in ji Zulkiflu. “Amma in hwaɗa maka tun yanzu, in jinin mutum na, ban iyawa. Uwata da matata da ɗiyata ba su ciki.”

“Wa yac ce maka jini? Barcinka nika so.”

Zulkiflu ya kusa yin dariya. Ya zo da shirin a ce ya kawo abin da ba zai iya ba, sai ga shi ana tambayarsa abin da ya fi kowa yawansa. Duk da haka ya ɗan ja.

“Mutum na rayuwa ba barci?”

“In ya ci ƙarhinka, ana kawo maka.”

“Daga ina?”

“Daga inda ag akwai shi.”

A nan ne ya kamata ya sake tambaya. Tambayar ta zo har bakinsa, ya ji ɗacinta, ya haɗiye ta, don yana tsoron amsar ta raba shi da jiragen. Wannan haɗiyewar ita ce ta fi komai cinsa daga baya.

Tamada ya sa hannu a tukunyar ya ciro baƙar tarwaɗa mai rai. Ya ɗauki ƙayar kifi ya kankare kwantsar da ke idanun Zulkiflu, dama da hagu, ya cusa ta a bakin tarwaɗar, ya ɗinke da jan zare yana wasu surutai. Sannan ya miƙa masa ita ya ce ya sake ta a ruwa da hannunsa, ya kira sunan kansa sau uku. Zulkiflu ya yi. Kifin ya nutse, shi kuma ya ji idanunsa sun yi wasai.

Arziki kuwa ya zo da gudu. 'Yan kasuwa suka ƙi kowane jirgi sai wanda yake tuƙawa. Mai jirgin ya kwanta ciwo, 'ya'yansa suka sakar masa jirgin a banza. Da yake ba ya barci, yana aikin mutum biyu, kafin a ankara jirage bakwai ke ɗauke da sunansa. Ya rushe ginin laka ya yi na bulo. Mutane suka fara kiransa Alhaji tun bai san hanyar filin jirgin sama ba, shi kuma bai hana su ba.

Wata biyar cur bai runtsa ba. Sai wata rana bayan la'asar wani nauyi ya sauko masa a ka, ya zube a zaure, bai farka ba sai hantsin washegari. Ya tashi garau yana miƙa. Ya shiga gaida uwarsa, ya tarar da ita zaune a bakin gado.

“Inna, an tashi lahiya?”

“Ina hwa tashi, ɗan nan, wanda bai kwanta ba? Jiya ko runtsawa ban yi ba.”

Aka kai ta asibiti, aka ba ta maganin barci, kamar an zuba a rairayi. Aka yi rubutu, aka yi tofi. A kwana na goma ta fara hira da mijinta da ya rasu tun Zulkiflu na yaro. Tana share wuri ɗaya tun safe har tsintsiya ta ƙare. A kwana na ashirin da uku ta cika, kuma matan da suka yi mata wanka sun sha wahala kafin idanunta su rufu.

Kada wani ya ce muku Zulkiflu bai gane ba. Ya gane sarai. Da nauyin ya sake dawowa bayan wasu watanni, kwana shida yana kokawa da shi. A na bakwai ya ce wa kansa ai tsufa ne ya kashe Inna, tsofaffi dama ba su da barci. Ya shimfiɗa tabarma da rana tsaka. Yana jin Mariya a tsakar gida tana wanke-wanke tana 'yar waƙarta, ya juya fuska ga bango ya rufe ido.

Mariya ba ta kai kwanakin Inna ba. A mako na biyu ta fara cewa ruwa na kiranta ta je ta huta. Aka sa mata ido, aka kulle ƙofa, amma wata safiya masunta suka ciro ta a cikin koma.

Ranar sadakar uku ya koma tsibirin. Ya durƙusa gaban Tamada yana kuka, ya ce a karɓe jiragen, a karɓe gidan.

“Ka ce ba jini!” in ji Zulkiflu.

“Ka ga jini?” in ji Tamada. “Barci anka kawo maka, kuma kai kas sha shi.”

“To a warware.”

“Tahi ka kamo tarwaɗar cikin tabkin ga, in warware maka.”

“Saura wa?”

“Kai ka san wa yar rage gidanka.”

Hamdiyya ce ta rage, shekararta goma sha biyu. Daga ranar Zulkiflu ya san cewa ran yarinyar nan a fatar idonsa yake rataye.

Da nauyin ya sauko karo na uku, sai ya ɗaura yaƙi da shi. Dare bai fi ba shi tsoro ba, don da dare yana iya yawo a gari har gari ya waye. Rana ce abokiyar gabarsa, lokacin da aiki ke jiransa a bakin ruwa, ga zafi, ga ƙugin injuna mai sa jiki ya mutu. Ya sa aka ɗauke kujerarsa daga rumfa, a tsaye yake sallamar jirage. Goro ba ya barin bakinsa, in ya gaji da shi ya koma namijin goro. Mai shayi ya san nasa, baƙi ƙirin ba madara. Ya daina cin tuwo da rana, sai 'yar gyaɗa. Yana tsoma hularsa a ruwa ya kifa a ka, ya zuba tsakuwa a takalmi don kowane taku ya tashe shi. Ranar Juma'a a bayan sahu yake tsayawa cikin rana har a gama huɗuba, sujada kuwa goshinsa na taɓa ƙasa yake ɗagowa, don ya san in ya daɗe ba zai tashi ba.

Duk da haka aikin ya fara zame masa. Ya sa aka loda albasar da za a kai Warra, can kudu, a jirgin da zai yi arewa. Ya sallami jirgi ɗaya sau biyu. Yana magana sai ya manta farkonta, ya tsaya baki buɗe. Wata rana ya ga buhunan shinkafa suna numfashi, ya daka wa masu dako tsawa su sauke mutanen da suka ɗaure a ciki. Direbobinsa suka fara kallon juna.

Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne Hamdiyya. Kullum ya dawo sai ta shimfiɗa masa tabarma, ta kawo matashi, ta ce, “Baba, don Allah ka ɗan kwanta, ni ina yi maka hihita.” Shi kuma sai ya daka mata tsawa ta ɗauke. Tana naɗe tabarmar tana hawaye, ba ta san laifin da ta yi ba.

A kwana na goma sha tara, Hammadu, wani tsohon direba da ya koya masa tuƙi, ya ja shi gefe.

“Zulkiflu, ban tambaye ka abin da kat taka ba, kuma ban son sani. Amma tun kakanninmu mun san asiri ba shi ƙetare ruwa. In akwai wanda kaka jin tsoro a taɓa, ƙetarar da shi.”

Zulkiflu ya riƙe maganar nan da hannu biyu. Kowa a bakin tafkin ya taso yana jin ta, shi ma ya sha ji. Da a ce kansa na aiki daidai, da ya tuna cewa nasa asirin a cikin ruwan aka sake shi, da hannunsa, ruwan ne ma gidansa. Ni kuwa ina zargin ya tuna. Mutumin da ya kwana goma sha tara a tsaye ba gaskiya yake nema ba, izini yake nema.

Washegari ya sa Hamdiyya a jirgi, Hammadu ya tuƙa, suka kai ta wurin ƙanwarsa Sa'adiyya da ke aure a wani ƙauye a ƙetaren tafkin. Suka juyo. Suna isowa Yelwa bayan azahar, ko gida bai ƙarasa ba. Ya shiga wani tsohon jirgi da aka jawo tudu don gyara, ya kwanta a cikinsa. Ya ce wa kansa zai gwada ne kawai, runtsawa ɗaya.

Bai taɓa barci mai daɗin wannan ba. Da ya farka rana ta yi tsaka, ta washegari. Jikinsa sakayau, kansa garau, har yunwa yake ji. Ya zauna yana sauraron lafiyar da ke jikinsa, sai tsoro ya kama shi. Ya ciro waya, ya ga Sa'adiyya ta kira shi har ta gaji.

Da kansa ya tuƙa jirgin ya ƙetare. Sa'adiyya ta tare shi a ƙofar gida, ta ce wataƙila baƙunta ce, yarinya ta kwana zaune, ta yi mata tatsuniya, ta goya ta kamar jaririya, duk a banza. Ya wuce ciki.

Hamdiyya na zaune a kan turmi, idanunta a buɗe tar, sun fara ja. Ta ɗaga kai ta dube shi, ta ga fuskarsa ta sake, kumburin idonsa ya sauka. Sai ta yi murmushi, irin wanda rabonta da shi tun rasuwar uwarta.

“Baba, ka samu barci!” in ji ta. “Alhamdu lillahi. Kullum sai na roƙa maka.”

Zulkiflu ya durƙushe a gabanta. Ya buɗe baki don ya gaya mata, maganar ta ƙi fita, har yau kuma bai gaya mata ba, don kwana goma sha shida ta yi bayan nan kafin ta cika, kuma tun a na takwas ta daina gane shi.

Jiragen sun bi ta ɗaya bayan ɗaya, wani ya kife, wani ya ƙone, sauran direbobi suka watse. Gidan bulon na nan a kulle, ba mai son ko hayarsa. Shi kuwa yana raye, ba wanda ya rage a gidansa da za a ɗebo masa barci a wurinsa, mutuwa kuma ba ta zo ba. Duk wanda ya zauna kusa da shi sai ya ba shi labarin nan daga farko, ba ya rage laifinsa ko kaɗan.

To, kai mai hangen inuwar wani kana jin zafi a rai, ka ji dai. Duk wanda ya ce zai ba ka dukiya a kan abin da kake ganin ba komai ba ne, ka tsaya ka yi masa tambaya ta biyu, ka kuma saurari amsar. In ba ka iya jin ta, tashi ka koma gida tun mutanen gidanka na kwance lafiya.