Hoton Kan Baba

"Ba zan bayar ba, Rafi'u! Sau nawa kake so in faɗa?"

"Sau ɗaya ma ya isa, in da dalili..."

"Kan babana ne fa! Wane dalili kuma kake nema?"

A matakalar gidan da suke haya a Nuzla suke tsaye. Bara'atu na sama rungume da babban ambulan na asibiti, shi yana ƙasa yana ɗago kai. Rafi'u Bakatsine ne, shekararsa shida a Jidda, aikinsa rataye zane-zane a wani gidan nune-nune da ke Balad. An riga an sa musu rana, bayan aikin Hajji, saura wata huɗu. Ba shi da mugunta ko ta anini, sai dai irin mutanen nan ne da in suna sonka sai sun yi maka alheri ko da tsiya.

"Ƙalbi, zuciyata, saurare ni," ya sassauta murya. "Ma'arad ɗin nan, baje kolin da za mu buɗe, gaba ɗaya kan zane da hotunan asibiti ne. Na ga abin da suka kawo. Wallahi babu wanda ya kama ƙafar naki! Haka za ki ƙare kina yi wa amare lalle, hannunki yana wankewa bayan sati biyu?"

Nan ya taɓa inda yake mata ciwo. 

Wata bakwai ke nan da mahaifinta, Maman Lawali, ya fara buge kafaɗa da ƙyauren ƙofa. Ta ja shi wani ƙaramin asibiti a Waziriyya, nesa da idon sani, aka yi masa ashi'a, wato hoton cikin kai. Likita ya nuna musu wani ɗan fari-fari a tsakiyar hoton, ya ce ƙari ne yake danne jijiyar ido. Gabansa yana gani tar, amma gefe da gefe yana rufewa a hankali. Ya ce lallai ya ajiye tuƙi.

Ya ajiye tuƙi! Mutumin da ya shekara ashirin da shida yana jan motar gidan Abdulghani a Abhur, iƙamarsa, wato takardar izinin zama, da ta 'yarsa duka a hannun kafilin nan, ubangidansa, suke. Uwarta ta rasu tun tana sakandare, su biyu kaɗai suka rage.

A hanyar gida ya miƙa mata ambulan ɗin ba tare da ya dube ta ba.

"Ki ƙona shi. Sai na aurar da ke, kin koma kan takardun mijinki, sannan in ajiye makulli. Kafin nan babu wanda zai ji."

Ta kunna ashana har sau biyu a ɗakin girki, ta kasa. Yaya za ta cinna wa kan ubanta wuta? Sai ta ɓoye shi, in ya fita aiki ta fito da shi ta yi ta kallo. Wata rana ta ɗauki farin alƙalami ta fara zana titunan Jidda a cikin ƙoƙon kan: Hanyar Madina, bakin teku, gadoji, lungunan Nuzla, duk inda ya taɓa bi da mota. Ta zafafa allura ta huhhuda, ta bi da zare irin na ɗinkin hula. Ƙarin nan kuwa ta kewaye shi da jan zare, ya zama shataletale, kowane titi can yake ƙarewa. Sunansa da lambar iƙamarsa da ke rubuce a kusurwa ta shafe su da lalle mai kauri.

Rafi'u kaɗai ta nuna wa, shi ma ba ta gaya masa me jan zaren ya kewaye ba. Ta ce tsohon hoto ne na ciwon kai.

"Babu suna a jiki," ya ce. "Wa zai san kan wane ne? Kai ai kai ne!"

"Baba ya ce in..." Ta haɗiye sauran.

"Ya ce me?"

"Babu komai. Halas, shi ke nan, karɓi. Amma a bango kawai za ka rataye shi, ka ji? Kuma ran da aka rufe ka dawo mini da abina."

Ya karɓa da hannu biyu yana dariya. Ita ma ta yi murmushi, don gaskiya tana so a gani. Wannan son shi ne abin da ta kasa yafe wa kanta daga baya.

Ranar buɗewa, bayan la'asar, ta saka abayarta mai kyau ta hau tasi zuwa Balad. Wurin cike yake da likitoci da masu zane, ana ta gaisawa da Larabci da Turanci. Tana shiga ta hango cincirindo a ƙuryar ɗakin, Rafi'u na tsaye gefe yana washe baki kamar shi ya haifi zanen.

Ba a bango yake ba. Ya samo akwatin fitila irin wanda likitoci ke manna hoto a kai, ya ɗora shi.

Allah ya sani ya yi kyau. Haske na fitowa ta kowace hudar allura, titunan suna ƙyalli, jan zaren nan kamar garwashi. Ƙirjinta ya cika, har ƙwalla ta taru mata. Sai idonta ya sauka kan kusurwa.

Hasken ya ratsa lallen. Harafi bayan harafi, ga sunan nan ɓaro-ɓaro: MAMAN LAWALI. Ga lamba, ga kwanan wata.

"Rafi'u!" ta damƙi hannun rigarsa. "Kashe fitilar nan!"

"Me ya faru? Ba ki ga yadda mutane..."

"Ka kashe na ce!"

An makara. Wata mata ce tsaye dab da hoton, ta ɗaga tabarau tana karantawa. Da ta juyo, Bara'atu ta gane ta. Daktora Lujain ce, 'yar Abdulghani, wadda Maman Lawali ya kai makaranta tun tana da jakar goyo har ta zama likita.

"Bara'a?" ta ce da Larabci. "Ke kika yi wannan? Wannan kan Ammu Lawali ne?" Ammu, wato baffa, haka take kiransa tun tana ƙarama.

"Tsoho ne, daktora, tsohon hoto ne..."

"Na wata bakwai ne. Ga kwanan wata." Ta sa yatsa kan jan zaren. "Kin san mene ne wannan da kika kewaye?"

 Hawayen Bara'atu ne suka amsa.

"Shi ya kawo ni nan," in ji Lujain a hankali. "Yana waje."

Ta fita da sauri, suka bi ta. Maman Lawali na jingine da motar a inuwa, yana jan carbi, farar jallabiyarsa a goge kamar kullum. Ganin 'yarsa ya sa ya miƙe da mamaki.

"Bara'atu? Me kike yi a nan?"

Lujain ta tsaya a gabansa. "Ammu, kalli hancina. Kada ka juya kai." Ta miƙa hannunta can gefen kunnensa ta ɗaga yatsu. "Nawa ne?"

Ya yi 'yar dariya. "Wane irin wasa ne wannan, ya binti, ɗiyata?"

"Nawa ne, Ammu?"

Carbin ya tsaya. Ya daɗe yana kallon fuskarta, sannan ya ce, "Biyu."

Biyar ne. Duka tafin hannunta ne a buɗe, tana ma kaɗa shi.

Lujain ta sauke hannun. "Jiya kai ka ɗauko 'ya'yan ɗan'uwana Nayef daga makaranta. Yara uku, Ammu! A Hanyar Madina!"

"Ban taɓa buge ko kyanwa ba..."

"Ba ni makullin."

Ya ciro shi daga aljihu ya ɗora mata a hannu. Sai ya juya kansa gaba ɗaya, kamar yadda ya koya wa kansa yi a watannin nan, har ya samo 'yarsa. Rafi'u, da yake bai iya shiru ba, ya fara bayani: zane ne, Baba, fitila ce, laifina ne. Tsohon bai ko dube shi ba.

"Na ce ki ƙona shi," ya ce. Iyakar abin da ya faɗa ke nan har suka isa gida.

A yi wa Lujain adalci, ta yi ƙoƙari. Ta roƙi mahaifinta a yi wa tsohon aikin tiyata a nan, a bar shi ko gadi ne ya riƙa yi. Amma Abdulghani ya rantse ba zai ƙara ganin mutumin da ya ɗauki jikokinsa a mota da rabin ido ba. Shekara ashirin da shida suka ƙare a saƙo ɗaya na waya: takardar fita ba dawowa, su bar ƙasar cikin kwana sittin.

Abin da ya fi cin Bara'atu shi ne ta rasa wanda za ta tsana. Lujain ta yi gaskiya. Baba don ita ya yi. Rafi'u so ne ya sa shi. Duk inda ta juya da fushin, kanta yake dawowa.

Maman Lawali bai zage ta ba, da ma ya zage ta da ta ji sauƙi. Zama yake yi kan darduma tun safe, in ta kawo shayi ya ce an gode, kamar baƙuwa.

Ana saura sati uku su tafi Rafi'u ya zo, ya durƙusa a gaban tsohon.

"Baba, a matso da ɗaurin auren. Juma'ar nan ma. Mudirinmu, shugaban wurin aikinmu, ya yi alkawarin taimakawa da takardu, za ta dawo kan iƙamata. Ba sai ta tafi ba."

"Na yarda," in ji Maman Lawali nan take. "Da ma abin da nake nema ke nan. Ki zauna, Bara'atu. Nan aka haife ki, nan uwarki take kwance. Me kika sani a garinmu Damagaram? Ko Hausarki dariya za su yi mata."

Yana maganar yana laluben kofin shayinsa. Kofin na nan kusa da gwiwarsa ta dama, tazarar yatsa huɗu, hannunsa yana ta shafa tabarma yana wuce shi.  Ta tashi ta ɗauka ta sa masa a hannu.

Ta raka Rafi'u matakala.

"Kin ji, ya yarda!" ya ce. "Habibti, Allah ya kawo mana mafita..."

"Wa zai karɓe shi a can?"

"Ba kin ce yana da ƙanwa ba?"

"Yaya ce, ta girme shi da shekara tara. Ita ma jagora take nema." Ta share ido da bayan hannu. "Wa zai kai shi Yamai asibiti? Wa zai zauna da shi in an buɗe kan?"

"To mu ɗaura, ki kai shi, ki dawo!"

"In dawo yaushe? In ya warke, ko in ya mutu? So kake in zauna ina jiran ɗaya daga ciki don in dawo wurinka?"

"To ni zan biyo ki!"

"Ka bar Hajiyarka da ƙannenka biyar su ci me a Katsina? Kada ka yi mini alkawarin da zai sa in tsane ka, Rafi'u."

Ya zauna kan matakala ya riƙe kai. "Fitila ce kawai... So nake su ga yadda kike. Da kin gaya mini gaskiya, wallahi da ko kusa..."

"Na sani. Ni ma da na gaya maka." Muryarta ta karye. "Ina sonka, ya Rafi'u, wallahil azim ina sonka. Amma in na zauna, kullum na dube ka zan tuna inda na tura babana shi kaɗai. Ba za ka ji daɗina ba, ni ma ba zan ji naka ba."

Ya yi kuka kamar yaro, ita ma ta yi. Maƙwabciya ta leƙo ta koma.

Ranar tafiya da hantsi ya kai su filin jirgi, ya ɗauki jakunkuna, ya yi ta kai da kawo har inda ba a barin mai rakiya ya wuce. Nan ya durƙusa ya kama hannun tsohon.

"Baba, ka yafe mini."

"Allah ya yafe mana duka, ɗana."

 Bara'atu ta matso gefen mahaifinta ta riƙo hannun rigarsa, suka shiga layi. Taku kaɗan suka yi ya tsaya cak, yana jujjuya kai cikin taron.

"Bara'atu? Kina ina?"

"Ga ni, Baba. Ina gefenka."

"Ki dawo gabana," ya ce a hankali, karon farko da muryarsa ta yi laushi tun ranar. "In kina gefe ba na ganinki, ɗiyata. Ki wuce gaba, kada ki kauce."

Ta wuce gabansa. Daga baya can ta ji Rafi'u yana kiran sunanta, sau ɗaya, sau biyu, na uku muryar ta shaƙe. Duk jikinta yana so ta waiwaya, amma tana jin takun tsohon dab da dugaduganta, idonsa kafe a bayanta. Hawaye na zuba har cikin bakinta, ta ci gaba da tafiya a miƙe.