Doguwar Lamba a Titin Masala

Da hantsi aka kira Sufeto Kalumba zuwa titin Masala, a Ndola. Gawar wani matashi ce kwance bakin kwalbati, an rufe ta da zani. Mwelwa sunansa, malamin firamare. Mota ce ta buge shi ta wuce.

"Fara ce, Yallaɓai Sufeto," in ji wata mai gasa masara. "Lambarta doguwa, da shuɗi da taurari a gefe. Ta ƙasar waje ce."

"Ta taka birki?"

"Wuta ma ta ƙara."

Kalumba ya duba kwalta. Ko shatin taya babu.

Sajan ɗinsa ya ce a sanar da kan iyaka. Kalumba ya girgiza kai. Ya san 'yan gayu na buga lamba irin ta Jamus su liƙa, duk da doka ta hana. Ya kuma san mai buga musu.

A shagonsa ya same shi, Bashi Mapalo, yana cin nshima, tuwon masararsu, da busasshen kifi.

"Na daina wannan aikin tuntuni, ranka ya daɗe. Bismilla mana."

Kalumba ya sa ƙafa ya janyo wani kwali daga ƙarƙashin benci. Shuɗayen sitika masu taurari suka zube.

"Motar da ka buga wa lamba ta kashe mutum ɗazu. Ka faɗi mai ita, ko ka zama kai ne."

Lomar ta tsaya masa a hannu. "Sikazwe ne, mai sayar da tayoyi. Ya ce lambobin ma in ƙirƙiro kawai."

Da aka tambayi unguwa, sai ga shi Sikazwe mijin yayar mamacin ne.

A gidan makoki Kalumba ya same shi cikin maza, yana karɓar gaisuwa. Farar motarsa na gindin mangwaro, da sabuwar bamba a gaba.

"Lambata ta gwamnati ce, ga ta nan," in ji Sikazwe. "Ku je ku nemi baƙon da ya kashe mana yaro."

Kalumba ya zaga bayan motar ya durƙusa. Gefe da gefen lambar akwai ƙarin huda biyu, sababbi, ƙarfen yana ƙyalli.

"Bambar gaba ka canza. Ta baya fa? Wace lamba ce ta fi wannan tsawo?"

Sikazwe ya kawar da kai.

Wata mata ta fito daga ɗakin mata. Bupe ce, matarsa. Ta zame ɗankwalinta, sai ga ido a kumbure, baƙi ƙirin.

"Yau Mwelwa zai zo ya mayar da ni gidan iyayenmu," ta ce. "Jiya ya faɗa masa a gabana."

Mazan da ke kusa da Sikazwe suka fara ja da kujerunsu baya.

"Yaron da na gani da gajeren wando," in ji Sikazwe a hankali, "shi zai shigo gidana ya ɗauke min mata? Na gargaɗe shi."

Sajan ya danna masa ankwa. Ana tura shi cikin mota ya waiga.

"Bupe, ki kawo min bargo."

Ta ɗaura ɗankwalinta, ta koma ciki wurin mahaifiyarta.