Sunan da Inna Altine Ba Ta Faɗa

Ranar Talata, uku ga Maris 2015, da ƙarfe huɗu na yamma, a wani gida a Gwarzo, Zinnira mai jego ta roƙi mijinta Zailani ya sa wa jaririnsu suna Dauda. Yayar Zailani, Sa'adiya, tana tankaɗe a bakin ƙofa, ta ji. Ta ja shi soro.

"Kai dai ba ka da wayo! Tican nan maƙwabcinku da ya kai ta asibiti a mota, ya sunansa? David Bot! To Dauda da David ai abu ɗaya ne."

Zailani yana son Zinnira kamar ransa, shi ya sa maganar ta ci shi. Washegari ya tare Bot a bakin titi.

"Malam, sunan nan naka, daga ina?"

Bot bai san dawan garin ba, ya yi dariya. "Sunan annabi ne, maƙwabci. Larabawa su ce Dawud, ku Dauda, mu David. Asalinsa Ibrananci, wai abin ƙauna."

Abin ƙauna! Zailani ya faɗo gida idanu jajur, ya nufi Zinnira.

"In an sha suna, ki tattara ki koma garinku Durun!"

"Wallahi sunan yayana ne!" in ji Zinnira cikin kuka.

"Wane yayan? Ni ban taɓa jin an ambace shi a gidanku ba!"

Uwarta Inna Altine, da ta zo yi mata wankan jego, ta ajiye ganyen da ke hannunta.

"Ɗan farina ne. Ƙyanda ta ɗauke shi kafin yaye. Kunya ba ta bar ni na kira sunansa ba, yana raye ko yana ƙasa. Yau ka sa ni." Ta ja mayafi ta rufe fuska. "Dauda. Dauda sunansa."

Zailani ya zube gabanta, ya kasa ɗaga kai. Ya juya ya roƙi Zinnira gafara. Ta yafe. Kishin da bai tsaya ya yi tambaya a cikin gida ba, tsofaffi yake sa wa kuka. Haƙuri kuwa shi ya riƙe auren nan.

Ranar suna aka raɗa wa jariri Dauda. Da baƙi suka watse, Sa'adiya ta riga kowa komawa gidanta a Kabo. Waɗanda suka rage: Zailani yana kwashe tabarmi, Bot yana taya shi, Zinnira a ɗaki, sai Inna Altine rungume da jikan da har ta rasu ba ta kira shi da komai ba sai "Yaro".